Ƙoda ko Karsana

Sae Sabuwa, ranar Talata, tsakiyar kaka

Zuwa ga ɗana Hafizu, tela a Kano,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da keken ɗinkinka da maƙwabtan da ke haƙuri da surutunka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ka sani. An gama yankan gero, rumbu ya cika alhamdu lillahi. Wake ne dai ya ba mu kunya bana.

Kada ka ce mi ya hana ni kiranka da salula. Kunnena na hagu ya aje aiki, rezo kuma, sabis ɗin wayar, sai an taka har bakin tasha. Ban da haka, ban zauna karatun manya da furfurata don in riƙa ihu cikin ƙarfe ba. Takarda nake so, in karanta, in sake karantawa. Na'Allah direba ya ce duk mako yana shiga Kano, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Karsanoninka biyu da marigayiya uwarka ta bar maka suna wajen Jaye makiyayi, Ja da Fara, sun yi ɓul-ɓul. Lokotoron dabbobi ya zo ya duba su, ya yi musu allura, ya ce babu abin da ke damunsu.

Ɗan Sakina maƙwabciyata ya sa mata panno mai ɗaukar hasken rana da tele. Yanzu in an yi la'asar duk matan unguwa can muke, har da masu cewa ba su kallo. Ana wani fim mai dogon zango, na wani lokotoro mai fuskar salihai da zuciyar kura. Ni dai na ce tun ranar farko ban yarda da gemunsa ba.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne taubashinka Rabilu, ɗan kawunka na Gazawa. Na ji an ce yana nan Kano ana wanke masa jini da inji, kuma jinyar ta cinye garken gidansu ƙaf, ko ɗan maraƙi bai rage ba. Ɗan Fulani ba saniya, wallahi abin ya tsaya min a rai. Ka gaya min gaskiyar halin da yake ciki, ban son ta a rufe.

Gwaggonka,
Ummuhani

*

Kano, ranar Asabar

Gwaggo,

Na amsa sallama, na gode da takarda. Na karanta ta a shago da ƙarfi, har maigidana ya ce rubutunki ya fi nawa kyau. Ban yi musu ba. Ina lafiya, aiki da godiya. Ki riƙa shafa man nan a gwiwa, ki rage zuwa rijiya da kanki.

Rabilu yana nan. Duk bayan kwana biyu ko uku sai an ɗora shi a injin, in an sauke shi sai ya wuni kwance kamar wanda aka yi wa duka. Ya rame, ƙafafun sun kumbura, ruwa ma a ƙayyade ake ba shi. Amma bakin nan yana nan yadda kika san shi. Jiya ya ce min wai tela ne kaɗai namijin da ke alfahari da riƙe allura. Inna Binta, mahaifiyarsa, ta koma Gazawa ta ɗan huta, ni nake kwana da shi.

Gwaggo, akwai maganar da na daɗe ina juyawa, na kasa faɗa miki da baki. Abin da Rabilu yake da shi duk ya ƙare, kin sani. Ni kuwa biyu gare ni, an duba su an ce lafiyayyu ne, kuma ɗaya ta ishe ni. Na yanke shawara zan ba shi koda ɗaya. Ina neman yardarki da albarkarki, don ke ce uwa ke ce uba a wurina.

Ki gai da Sakina da Jaye.

Ɗanki,
Hafizu

*

Sae Sabuwa, ranar Jumma'a

Ɗana Hafizu, ɗan albarka,

Gaisuwa da sa albarka, safe da yamma. Muna lafiya. Gwiwa ma ta yi sauƙi, kuma ba man ba ne, takardarka ce.

Kai yaro, wanga shi ne abin da kake jin nauyin faɗa min? Ai da na karanta sai da na tashi tsaye. "Ko da ɗaya," ka ce, kamar ƙaramin abu. Mutum yana da karsana biyu tak a duniya, gādon uwarsa, ya ce ɗaya ta ishe shi! Na tafi gidan Sakina ana tsakiyar fim na ce a rage murya, na karanta musu layin nan sau biyu. Na ce ku ji irin ɗan da na raina. Wasu suka yi guɗa, wasu suka sunkuyar da kai, don sun san nasu ko kaza ba su bayarwa.

Ban tsaya ɓata lokaci ba. Na aika aka kira Jaye, na gaya masa. Dattijon nan sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wanga shi ne haɓɓanaye na dangin uwarka: ka ba ɗan'uwanka da ya rasa garke saniya, ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan, ya maido maka uwar. Ya ce ya ɗauka 'yan birni sun manta da shi. Na ce nawa bai manta ba.

Ba ka faɗi wadda za a ba shi ba, sai na zaɓa maka. Ja na bayar, don ita ce ta ɗauki ciki, kuma in za a yi kyauta a yi ta mutunci. Kada ka yi min ƙorafi. Na ce a nemo mota, Jaye ya ce a'a, saniyar haɓɓanaye ba ta shiga gida a bayan mota kamar kayan kasuwa. Shi da kansa ya kora ta da ƙafa, ta Agiye, har Gazawa. Na raka su bakin gari da gwiwar nan tawa, ban ji komi ba.

Yarda kake nema? Na yarda, na ƙara yarda. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ka ce wa Rabilu ya warke da sauri ya zo ya tatsi abarsa.

Gwaggonka mai alfahari da kai,
Ummuhani

*

Kano, ranar Laraba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Don Allah ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Shekaranjiya Inna Binta ta kira ni daga Gazawa tana kuka tana sa min albarka, wai saniya ta iso. Na ce wace saniya? Sai jiya da Na'Allah ya kawo takardarki na gane abin da ya faru. Na karanta wa Rabilu, ya yi ta dariya har ya shaƙe, sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ni ma na yi dariyar, amma na san dole in sake faɗa miki daga farko.

Laifina ne. A lakol, makarantar bokonmu ta gida, faransanci aka koya mana, ba wanda ya taɓa tsare ni a kan ƙugiyar baƙi. Ba "ko da ɗaya" na nufa ba. Ƙoda nake nufi, Gwaggo. Ƙoda ta cikin ciki, irin wadda kike ɓoye min a gefen murhu in an yanka ragon layya.

Ciwon Rabilu na ƙoda ne. Nasa duka biyun sun daina aiki, shi ya sa inji ke wanke masa jini. Likitoci sun ce injin yana riƙe mutum ne kawai, kuma jikinsa ya fara gajiya da shi. Abin da zai tashe shi shi ne a dasa masa ƙodar wani. An gwada Inna Binta, shekarunta da hawan jininta sun hana. Ƙannensa ƙanana ne. Ni na ce a gwada ni, ba wanda ya roƙe ni, aka tarar jininmu ya dace.

Ja ta zauna inda take, na ji daɗin abin da kika yi da sunana. Amma albarkar da kika sa min ta karsana ce. Ba zan ɗauke ta in kai ɗakin tiyata ba, don hakan yaudara ne. Ina sake roƙo, yanzu da kika san abin da nake roƙo.

Ɗanki,
Hafizu

*

Sae Sabuwa, ranar Lahadi

Hafizu,

Gaisuwa kaɗan, don yau ban da ta da yawa. Lafiya kuma kada ka tambaya. Tun da na karanta takardarka ban sa tuwo a bakina ba.

Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ƙoda ba haɓɓanaye ba ce. Ba ta haihuwa, kuma ba a maido ta.

Kana tsammani don ina ƙauye ban san komi ba? Na gani da idona a telen Sakina. Lokotoron nan mai gemu, ƙodar mutane yake cirewa. Ya ce wa wani yaro ɗaya zai ɗauka, da aka sa shi barci ya kwashe duka biyun ya sa a kwalin ƙanƙara. A wani fim ɗin kuma, wata baiwar Allah ta ba mijinta tata, shi ya tashi, ita kuwa injin nan da ke gefen gado ya yi ƙara mai tsawo, aka ja mata zane har ka. Mun yi kuka ranar har Sakina ta ƙona miya. Akwai ma wanda aka dasa wa ta wani, ya farka da halin mai ita, yana kiran matar mutumin da sunan da ba wanda ya sani sai mijinta. Tun da aka sa telen nan ban ga mutum ɗaya da ya bayar ya koma gidansu da ƙafarsa ba. Ko ɗaya!

Ni na karɓe ka ranar da aka binne uwarka, ba ka gama yaye ba. Ni na goya ka lokacin ƙyanda, na yi ta yawo da kai tsakar gida har bayana ya sage. Allah bai ba ni na cikina ba, kai ya ba ni. Yanzu ka ce in sa hannu a kwantar da kai lafiyarka ƙalau a tsaga ka? Ina son Rabilu, Allah shaida ne. Amma tsoro nake ji, Hafizu, tsoron da ban taɓa ji ba. Ban yarda ba.

Maganar ta riga ta fita gari, ban san ta ina ba. Jiya wata a gidan Sakina ta ce ai an san irin wagga, sayarwa suke yi su ce kyauta ce, kamar a fim. Na miƙe na ce mata ta maimaita. Na ce ɗana wauta gare shi, amma ba a haifi mai kuɗin da zai saye shi ba.  Kada ka ɗauka don na tare maka na sauko, ina nan inda nake.

Salula na kashe ta na jefa cikin kwalla. Kada ka wahalar da kanka da kira, don in na ji muryarka zan yi laushi, ni kuwa ban so.

Ummuhani

*

Kano, ranar Alhamis

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ina roƙon ki ci abinci. In kin ƙi ci don fushi da ni, ki ci don gwiwa ta samu ƙarfin zuwa ki dake ni.

Ban ji haushin takardarki ba. Na karanta wajen ƙyandar nan na aje, na fita waje na daɗe.

Amma maganar fim, Gwaggo, ki bar ni in faɗi tawa. Shagonmu na ɗinka wa wasu 'yan fim kaya. Farar rigar likita ma na taɓa ɗinka musu, wanda ya sa ta kuwa ko allurar ɗinki ya gani sai ya kau da kai. Na ga mutumin da aka ja wa zane har ka da safe, da yamma yana bakin shagonmu yana cin tsire. Na taɓa tambayar mai rubuta musu labari don me kullum mai bayarwa ke mutuwa. Ya ce to wa zai zauna kallon mutumin da ya ba da ƙoda ya warke ya koma ɗinki? Kuka suke nema, kuma kin ba su, har da miyar Sakina.

Ga abin da na gani ni. Ba dare ɗaya ake yi ba kamar a tele. Makonni ke nan ana ɗibar jinina, ana ɗaukar hoton cikina. Sun kira ni ni kaɗai, ba Rabilu ba Inna Binta, suka yi ta juya ni da tambaya: wa ya matsa maka, me aka yi maka alkawari, ka san kana iya fasawa har ranar aikin? Wata likita ta ce in na fasa ba za su gaya wa kowa dalili ba. Ba su ɓoye min cewa akwai haɗari ba. Sun ce kaɗan ne, amma ba su ce babu ba, ni ma ba zan ce miki babu ba. Hali kuwa ba ya bin ƙoda. In da yana bi, da Rabilu ya ci riba.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Rabilu ya ga takardarki, ban nuna masa ba, a aljihun rigata ya ciro. Shi ma ashe irin finafinan nan yake kallo a waya in an ɗora shi a inji. Ya kira likita ya ce a tsayar da komai. Ya ce shi ba zai karɓi abin da uwar mai shi ba ta bayar ba, gara ya koma Gazawa ya jira ikon Allah. Kin san kan Fulani in ya kafe. Na yi lallashi, na yi zagi, a banza.

Don haka abin yana hannunki, ba na faɗa don in ɗora miki nauyi ba, haka yake ne kawai. In kin ce a'a, a'a ce, kuma ina nan ɗanki. Amma ki ce ta don abin da kika sani, kada ki ce ta don mai gemu.

Ɗanki,
Hafizu

*

Kano, ranar Litinin

Gwaggo,

Gaisuwa. Na'Allah ya zo sau biyu hannu wofi. Na tambaye shi ko kina lafiya, ya ce lafiya lau, ya tada mota. Na san akwai abin da bai faɗa min ba.

Rabilu ya suma a kan inji ranar Asabar, an samu ya farfaɗo. Ya daina yi min tsiya, wannan ya fi komai tayar min da hankali. Jiya ya ce in aika a gaya wa Inna Binta, in Ja ta haihu a ba ƙaninsa ɗan.

In shirun nan shi ne amsarki, ki rubuta min ita ko da layi ɗaya ne. Ba na iya barci.

Hafizu

*

Sae Sabuwa, ranar Laraba

Ɗana Hafizu,

Sallama, da gaisuwa cikakkiya wannan karon. Ina lafiya, na ci tuwo, har na ƙara. Kada ka ga laifin Na'Allah, ni na ce in ya buɗe baki sai na tsine wa tayoyin motarsa.

Ka ce in faɗi abin da na sani. Na duba na ga ban san komi ba sai abin da tele ta gaya min, kai kuma abin da lokotoro ya gaya maka. Ni ban yarda da ku duka ba. Sai Na'Allah ya ce akwai wata mata a Agiye, Marwa mai ƙuli-ƙuli, wadda aka ce ta ba ɗiyarta ƙoda shekarun baya. Na ce kai ni. Na hau amalanke zuwa bakin hanya, na shiga mota zuwa Maraɗi, na sake wata zuwa Agiye. Gwiwa ta kumbura a can, shi ya sa na daɗe ban rubuto ba.

Na tarar da ita tana murza tunkuza, mai na tsiyaya, hannuwanta sun fi nawa ƙarfi. Na zauna na ƙi faɗin abin da ya kawo ni, ina ta kallonta ko zan ga ta karkace. Ta ce, "Baiwar Allah, ƙuli za ki saya ko tabon kika zo gani?" Ashe ba ni ce ta farko ba. Ta ja ni bayan zana ta kwance zane. Na sa yatsana a kai, Hafizu. Tabo ne kawai, bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Na ce mata a fim duk mutuwa kuke yi. Ta yi dariya ta ce, "Ai sun kashe ni ya fi a ƙirga, ni kuwa ga ni ina suya." Amma ba ta yi min daɗin baki ba. Ta ce makonnin farko ko tari ta yi sai ta ga taurari. Ta ce har yau tana zuwa Maraɗi a duba ta, ba ta wasa da shan ruwa, ba ta shan maganin bakin kasuwa.

Na ce ina ɗiyar? Ta aje ludayi. Ta ce Rufaida ta rasu bara waccan.

Wallahi na miƙe zan tafi, na ce a raina shi ke nan na samu amsata. Ta riƙe min gefen zane ta ce in zauna ban ji ƙarshe ba. Ta ce lokacin da aka yi aikin yarinyar ba ta iya taka ƙofar ɗaki. Bayan aikin ta koma lakol, ta gama, ta zama madam tana koyarwa a nan Agiye shekaru masu dama, kafin wani ciwon ya zo ya ɗauke ta. Ta ce, "Ba rai na ba ta ba, rai na Allah ne. Lokaci na ba ta, kuma ta yi aiki da shi." Muna zaune wasu 'yan mata suka wuce suka durƙusa suka ce, "Ina wuni, uwar Madam." Ta amsa, ta ci gaba da suyarta.

Kwana na yi gidanta. Da safe na tambaye ta abin da ya fi ci min rai, na ce ke ba ki ji tsoro ba? Ta ce ta ji, har ranar da aka tura ta ɗakin tana ji. Ta ce tsoron ba ya tafiya, tare ake shiga da shi.

To, ga amsata, kuma na san abin da nake amsawa. Na yarda. Tsoron yana nan, ban ce maka ya tafi ba. Amma da na tuna cewa ba wanda ya roƙe ka, kai ka miƙa hannu aka ɗebi jininka, sai in ji ƙirjina ya cika har ban san inda zan sa kaina ba. Ban haifa ba, amma na raina, kuma duk Sae Sabuwa a fito da wanda ya fi nawa. Allah ya shige maka gaba, ya tashe ku ku biyu.

Wanga layin na Rabilu ne, ka ba shi ya karanta da idonsa. Rabilu, ni Ummuhani na ba ka, ba Hafizu ba. Ƙodar nan da furata da tuwona ta girma, ina da iko da ita. Ka karɓa. In ka ƙara cewa a tsayar, ni da kai ne.

Na ciro salula daga kwalla. Ku gaya min ranar, zan wuni a bakin tasha.

Gwaggonku,
Ummuhani

*

Kano, ranar Jumma'a

Gwaggo,

Jam, lafiya, alheri. Ni ne Rabilu. Hannuna da allurar ruwa, don haka Hafizu ke rubutawa ni ina faɗa. In kin ga ƙarya a ciki, tasa ce.

Kin ji a waya cewa an yi aiki mun tashi, amma Inna Binta ce ta kira ki, kuma na san kuka ya cinye rabin maganar. Shi ya sa na ce a rubuta. Ɗanki lafiya lau. Ya riga ni farkawa, kuma abin da ya fara tambaya shi ne ko za a ba shi abinci. Yana jin ciwo, yana tafiya a duƙe kamar tsoho mai neman ƙwandala, amma likita ta ce nan da kwanaki za a sallame shi. Ni zan daɗe kaɗan, kuma akwai magungunan da zan sha muddin raina. Na karɓa, kamar yadda kika ce.

Gwaggo, ki gafarce ni, zan faɗi kalmar da tun da aka haife ni ban taɓa faɗa gaban babba ba. Na yi fitsari. Na fi shekara rabona da shi sai ɗigo. An rataye wata jakar roba a gefen gadona, da na buɗe ido na ga ta cika, an juye, ta sake cika. Ma'aikatan jinya suna ta shigowa suna dubawa suna murna kamar an yi haihuwa. Inna Binta, wadda ko sunan mijinta ba ta faɗa don kunya, ta tsaya a kan jakar nan ta rangaɗa guɗa har aka zo aka ce ta yi a hankali.

Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba. A wajenmu sai a ce miyetti, amma kalmar ta yi min kaɗan.

Jiya Hafizu ya taso daga gadonsa, yana dafa bango yana riƙe da gefen ciki, ya zo har ɗakina. Na shirya masa tsiya tun safe, na ce yau sai na rama. Bai ko dube ni ba. Ya tsaya yana kallon jakar nan, ya daɗe, sai na ga kafaɗunsa na rawa. Ni ma tsiyar ta maƙale.

Ya ce kada in kuskura in gaya miki ya yi kuka. To alƙalamin a hannunsa yake, kuma ga shi ya rubuta.

Ɗanki na biyu,
Rabilu